Tsakanin Kofin Shayi da Kuɗin Rajista

A Auckland, birni mafi girma a New Zealand, akwai sana'ar da mata masu digiri suka riƙe shekara da shekaru: hayar rigar yaye ɗalibai. Idan bikin ya ƙarato, ɗalibi ya je a gwada masa baƙar riga mai faɗin hannu, da hula, da mayafin kafaɗa mai launin tsangayarsa. Ya biya, ya sa ta wuni guda, a ɗauke shi hoto da iyayensa, ya mayar. A goge, a rataye, a jira 'yan baɗi. Ribar ba ta shiga aljihun kowa. Tana tafiya asusun tallafin karatu mai sunan Kate Edger, mace ta farko da ta sami digiri a ƙasar, a 1877. A Kanada kuwa rassa da yawa na ƙungiyar mata masu digiri da tsofaffin littattafai suke tara nasu kuɗin. Duk shekara mutanen gari su kawo kwalaye cike da littattafan da suka gama karantawa, dattawan mata su zauna su ware na tarihi daban, na girki daban, na yara daban, a baza su kan tebura a wani zaure, a sayar da araha. Abin da aka samu a raba wa 'yan matan garin da za su shiga jami'a ko kwaleji.

Waɗannan ƙungiyoyi 'yan gida ɗaya ne. Ta Amurka ce babbar yaya. A watan Nuwamban 1881 mata 17 masu digiri suka haɗu a Boston bisa kiran Marion Talbot da Ellen Swallow Richards, kuma zaman nan ne ya haifi ƙungiyar da yau ake kira AAUW. Ta Birtaniya ta biyo baya a Manchester a 1907, ta Kanada a 1919. A wannan shekara ta 1919, da ƙurar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta lafa, Virginia Gildersleeve ta Amurka da Caroline Spurgeon ta Ingila suka jagoranci kafa uwar ƙungiya ta duniya, wadda ke da ofishi a Geneva, ake kuma kiranta GWI tun 2015. Ƙungiyar Matan Jami'a ta Najeriya, NAUW, tana cikinta. Ko'ina ka je aikin bai wuce biyu ba: su taru, su kuma haɗa kuɗi su ba wata ta yi karatu. A kan waɗannan biyun ne ake ja-in-ja, har a tsakanin membobin kansu. Shin abin yana ɗaga wani nauyi na gaske, ko kuwa hanya ce da matan da suka riga suka haye suke samun kwanciyar hankali da kujerar zama?

Masu goyon baya ba da tarihi suke fara magana ba, da makon rajista suke farawa, domin duk wanda ya ratsa jami'ar gwamnati a Najeriya ya san shi. Ga ɗaliba 'yar aji uku, ba ta da kwas ko ɗaya da ta faɗi. An liƙa sanarwa cewa ranar Juma'a za a rufe shafin rajista. Ta riga ta fitar da takardar Remita a shagon kwamfuta na bakin ƙofa, tana ninke cikin jakarta har ta fara yagewa a tsakiya. Uban ya yi ritaya, fansho bai fara zuwa ba. Uwar ta ɗauki adashenta tun zangon da ya wuce. Baffa ya ce a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata. Abin da ya rage a cika ba miliyoyi ba ne, wani lokaci bai kai kuɗin leshi ɗaya ba. Amma idan ba a samu ba sai a ce ta jingine karatun shekara guda, kuma kowa ya san inda jinginewa take kai budurwar da ake ta sallama da ita a ƙofar gida. Masu goyon baya suka ce a daidai wannan gaɓar ƙaramin kuɗi yake yin babban aiki, kuma babu wata ma'aikata da za ta iya gano yarinyar nan kafin Juma'a. Matar da ta koyar da ita a sakandare ce za ta iya, ko maƙwabciya ma'aikaciyar jinya da ta ga idonta ya yi ja.

Wannan ba zancen tausayi ba ne kawai, an gwada shi. A Ghana a 2008 masana tattalin arziki Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka ɗauki matasa 2,064 da suka sami gurbin babbar sakandare amma ba su shiga ba, galibi saboda rashin kuɗi. Aka jefa ƙuri'a, 682 suka sami tallafin da ya biya musu makaranta. Aka bi sawunsu sama da shekara goma. A cikin kowane mutum 100, waɗanda aka biya wa sun fi sauran kammala sakandare da sama da mutum 25. Ga 'yan mata kuwa amfanin ya wuce takardar shaida: sun fi zarcewa makarantun gaba, sun kuma fi jinkirta haihuwar da ba su shirya mata ba. Abin lura shi ne ba zaƙaƙuran aji aka tsinto ba. Yara ne da suka ci jarrabawa suka tsaya a bakin ƙofa.

Sai kuma su jawo tarihi. Tallafin farko da matan Amurka suka bayar a 1888 dala 350 ne, ga Ida Street ta Jami'ar Michigan. A 1921, lokacin da Marie Curie, mai lambar Nobel har biyu, ba ta da kuɗin sayen sinadarin radiyom da ita da mijinta suka gano, matan Amurka ne suka yi karo-karo bisa jagorancin 'yar jarida Marie Meloney, da hannun mata masu digiri a ciki, suka tara sama da dala 100,000, kuɗin giram ɗaya, Shugaba Harding ya miƙa mata kyautar a fadarsa. Kusa da gida, Ngozi Okonjo-Iweala ta sami tallafin AAUW lokacin da take digiri na uku a MIT, wanda ta kammala a 1981 da bincike kan yadda manoman karkarar Najeriya suke samun bashi. Ta riƙe ma'aikatar kuɗi sau biyu, kuma tun 2021 ita ke shugabantar Hukumar Ciniki ta Duniya.

To a nan ne masu suka suke gyara zama, domin misalin nan na ƙarshe nasu ne fiye da na abokan muhawararsu. Okonjo-Iweala 'yar malaman jami'a ce uwa da uba, mahaifinta kuma basarake ne, kuma kafin tallafin ya same ta ta riga ta gama Harvard. Ba wanda ya ce ba ta cancanta ba. Abin da suke cewa shi ne, da tallafin da babu shi, da wuya a ce irin wannan mace ta ƙare a tallan gyaɗa. Haka tsarin yake tun asali: yana neman wadda ta riga ta yi nisa ya ƙara mata gudu. Dubi fom ɗin kansa. Da Turanci ake cika shi, sau da yawa a intanet. Ana son wasiƙar shaida daga malami, da sakamakon jarrabawa mai kyau, da rubutaccen bayani kan burin rayuwa. Wace yarinya ce ta iya wannan? Wadda ta yi makarantar kuɗi, wadda yayarta ta taɓa cikawa, wadda innarta memba ce ta ji sanarwar tun kafin a buga. Wadda aka cire daga aji biyar na firamare ba za ta taɓa jin labarin ba. Kuma irinta ne suka fi yawa. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa makaranta a Najeriya, alƙaluman baya-bayan nan ma sun haura haka, kuma a arewa maso gabas da arewa maso yamma 'yan matan da ke zuwa firamare ba su kai rabi ba. A irin wannan ƙasa, in ji masu suka, tallafin mutum goma ko ashirin a shekara allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Suna da wata hujjar da ta fi wannan ciwo. Ƙungiyar da sharaɗin shigarta digiri ne, tun daga ƙofa ta tace mutane, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa. A 1946 Mary Church Terrell, baƙar fata mai digiri biyu daga Kwalejin Oberlin, tsohuwa da ta haura shekara 80, ta nemi komawa reshen AAUW na Washington. Reshen ya ƙi karɓarta saboda launin fatarta. Aka yi ta shari'a, sai a 1949 babban taron ƙungiyar ya gyara dokarsa ya ce digiri kaɗai ne sharaɗi. Matan da suka kwashe shekara sittin suna kukan an rufe musu ƙofa, su ma sun iya rufewa. A wurinmu launin fata ba shi ne abin ba. Amma akwai 'yar wane da 'yar wane, akwai 'yan birni da 'yan ƙauye, akwai masu digirin jami'a da suke duban mai NCE da mai difloma ta gefen ido.

Na ukun hujjojinsu shi ne wanda na fi ɗauka da nauyi. Ilimin yara haƙƙi ne a wuyan gwamnati, ba sadaka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Duk lokacin da ƙungiya ta biya wa yarinya abin da bai kamata a ce an caje ta ba, aka kuma gayyaci kwamishina ya zauna a babban tebur ya tafa, an wanke shi ne da kuɗin wasu. Kuma ma'aunin ba ɗaya ba ne. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, da dala miliyan 500 ya fara, a jihohi bakwai da suka haɗa da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno. Ghana da aka yi binciken nan, a 2017 ta soke kuɗin babbar sakandare gaba ɗaya, abin da ƙuri'a ta ba mutum 682 ya zama na kowa. Littattafai nawa za a sayar, riguna nawa za a ba da haya, kafin a kamo ƙafar wannan?

A ƙasashen da abin ya samo asali ma ana tambayar ko lokacinsa bai wuce ba. Tun farkon shekarun 1980 mata suka fi maza yawan samun digirin farko a Amurka, haka yake a Kanada da Birtaniya yau, kuma membobin ƙungiyoyin suna tsufa ba tare da 'yan baya suna cike gurbi ba. Amsar da AAUW ta bayar ita ce rahotonta na 2017, wanda ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na bashin karatu a Amurka yana wuyan mata ne. Sun shiga jami'ar, amma da dutse a ka suka fito. Wannan gardamar tasu ce. Mu ba mu kai nan ba.

Sai batun taron kansa, inda aka fi samun abin dariya. Wanda ya taɓa halartar taron shekara na tsofaffin ɗalibai ya san yadda ake yi. An fitar da anko wata biyu kafin ranar. An kama zaure mai sanyi, an ɗauko mai gabatarwa da mai hoto, an buga jaka da kalanda masu tambarin ƙungiya, an shirya lambobin yabo ga manyan baƙi da za su zo a makare. Can wajen la'asar, bayan jawabi na bakwai, sai a kira 'yan mata biyar su hau dandamali su riƙe wani ƙaton kwali mai siffar cak, a ɗauke su hoto a watsa a Facebook, da sunayensu da labarin maraicinsu. Idan aka yi lissafi, kuɗin ankon kaɗai ya ninka abin da aka ba yaran. Masu suka suka ce a soke taron, kowa ta tura kuɗinta ta waya, a huta.

Nan ne na rabu da su, ko da yake hoton da suka zana gaskiya ne. Kuɗin da ake turawa ta waya ba tare da an ga juna ba, wata uku yake yi ya ƙafe. Duk wadda ta taɓa riƙe asusun zauren WhatsApp ta san haka: watan farko kowa na rige-rige, wata na huɗu sai ma'aji tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya tana jin kunya. Abin da ya sa kasuwar littattafan Kanada take ci kowace shekara shi ne matan suna son zaman da suke yi wajen ware littattafan. Shayin da hirar su ne igiyar da ta ɗaure kuɗin. Wanda yake son mutane su yi aikin sa kai shekara talatin ba albashi, dole ya bar musu abin da zai sa su yi marmarin zuwa.

Bayan haka, manyan abubuwan da waɗannan ƙungiyoyi suka yi a tarihi ba da kuɗi suka yi su ba, da taruwa suka yi. A 1873 wani likita, tsohon malami a Harvard, Edward Clarke, ya buga littafi yana cewa karatu mai zurfi yana lalata lafiyar mace da mahaifarta, kuma iyaye da yawa suka yarda. Matan Boston ba su da kuɗin gina jami'a, amma suna da sunaye da adireshin juna. Suka aika takardun tambaya ga mata masu digiri, sama da 700 suka amsa, aka buga sakamakon a 1885 tare da ofishin ƙididdiga na jihar Massachusetts, ya nuna karatu bai nakasa su ba. Wannan takarda ta buɗe wa 'yan mata ƙofofin da tallafin dala 350 ba zai taɓa buɗewa ba. A shekarun 1930, da 'yan Nazi suka kori malamai mata Yahudawa daga jami'o'in Jamus da Ostiriya, sanayyar da aka ƙulla a tarurruka ce ta sa mata a Landan suka san wa za a nema wa biza, wa za a sama wa ɗaki da aiki. Asusun gaggawa da aka buɗe a lokacin yana nan har yau da sunan Hegg Hoffet, yana taimakon mata masu digiri da yaƙi ya raba da ƙasashensu. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta raba kuɗin makaranta ba. Jagorori mata da ake kira jaji ta naɗa, ta ɗora musu malfa, suka riƙa tattaro matan ƙauyuka suna kawo su wurinta suna komawa da karatu, kuma sunan da aka san su da shi, 'Yan Taru, ya faɗi abin da ya riƙe tafiyar.

Saboda haka ni a ganina ɓangarorin biyu sun yi kuskuren auna ƙungiyar da kuɗin da take rabawa. Masu yabo suna kambama shi, masu suka suna raina shi, alhali shi ne ƙaramin abin da take da shi. Babban shi ne mutanen da ke zaune a zauren. A taron mata masu digiri na kowace jiha a arewa za ka sami darakta a ma'aikatar ilimi, da shugabar makarantar 'yan mata, da lauya, da 'yar jarida, da matar ɗan majalisa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC tana karɓar kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, tana ware wa kowace jiha kasonta, da sharaɗin jihar ta kawo kwatankwacinsa kafin ta ɗauka. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance saboda jihohi ba su kawo nasu ba. Ƙungiyar da za ta sa wannan a ajandar taronta, ta tambayi kwamishina a gaban jama'a nawa jiharsa ta bari a Abuja da kuma ranar da za a ɗauko, ta yi wa yarinyar aji biyar ɗin nan abin da tallafinta bai isa ya yi ba. Sai dai wannan yana da farashi. Kwamishinan da aka titsiye bana ba zai zo da gudunmawa baɗi ba, kuma daraktar da ke zaune a layin gaba a ƙarƙashinsa take aiki. Ƙungiyoyi da yawa sun zaɓi gudunmawar, kuma na fahimci dalili, ko da ban yarda da shi ba.

Tallafin kuma a ci gaba da shi, amma masu suka sun ci gardamar yadda ake rabon. Zuwan asusun bashin karatu na NELFUND a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ba ruwa, ya rage wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati wani nauyi, ya kuma nuna inda ramukan suka rage. Suna ƙasa da jami'a: kuɗin WAEC da NECO da JAMB, inda 'yar aji shida take tsayawa cak bayan shekara goma sha biyu tana karatu. Suna makarantun ungozoma da kwalejojin ilimi, waɗanda ke fitar da matan da ƙauye zai gani da idonsa. Suna wurin matar auren da ta ajiye karatu tana da goyo, yanzu tana son komawa, ba kuɗin rajista ne ya tare ta ba sai kuɗin mota da wanda zai riƙe mata yaro. Asusun Kate Edger da rassan Kanada da dama suna da kaso na musamman ga irin wannan mace mai komawa aji bayan shekaru, kuma ban ga abin da zai hana a yi haka a Gusau ko Maraɗi ba. A duba buƙata kafin a duba maki. A ɗauki yarinya har ta gama, maimakon a ba mutum ashirin na zango ɗaya domin hoton ya cika. A karanta lissafin shiga da fita a gaban membobi, a faɗi nawa aka kashe a zaure, nawa ya isa hannun ɗalibai. A fitar da 'ya'yan membobi da ƙannensu daga takara, ko da za a yi fushi. Kuɗin kuma a biya shi a asusun makaranta a ba yarinyar rasit a ofis, ba sai ta hau dandamali ta ba da labarin rasuwar mahaifinta a gaban masu cin shinkafa ba.